Aksul ɗin Kara

Wari ne ya fara zo mini. Ba mu yi nisa da gidan Alhaji ba, muna kan siririn titin nan na Pleasant Garden mai itatuwa hagu da dama, sai na ji wani wari yana tasowa daga bayan kujerata, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin tsohon man suya. Cikina wata shida a lokacin, hancina kuwa ba abin da ke wuce shi. Na ja bakin mayafi na toshe.

"Yaya, ka ji wari?"

Yaya nake ce wa mijina tun muna gida, tun kafin a yi maganar aure. Ya yi dariya, hannu ɗaya a kan sitiyari.

"Warin tsohuwar mota ne, Madam. Wurin masu sani wannan turare ne."

"Kuma akwai wata ƙara a baya. Wuu-wuu take yi."

Nan bai yi dariya ba. Ya ɗan karkatar da kai yana saurare. Ya ji ta. Wallahi ya ji ta, kuma ya san ko ƙarar mece ce. Abin da har yau yake tayar mini da zuciya ke nan.

Bari in koma baya kaɗan, don a gane yadda aka yi na shiga motar.

Muna zaune a wani ƙaramin gidan haya a bene, bayan manyan shagunan titin Wendover, a garin Greensboro na ƙasar Turawa. Yaya yana aiki a wani ƙaton sito, yana tuƙa 'yar motar ɗaga kaya daga safe zuwa yamma. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira. Jarabarsa ɗaya ce, tsohuwar mota. Kafin in zo ƙasar nan ya sayi wata baƙa mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda ta girmi mahaifiyata. Irin su ne Turawa ke ce wa mota mai ƙwanji. Ba mu da wurin ajiye ta, sai ya kai ta garejin Alhaji.

Alhaji ba ubansa ba ne, ba kawunsa ba ne, amma a nan ya fi su. Shi ya sauke Yaya a ɗakin ƙasa na gidansa lokacin da ya zo bai san kowa ba. Shi ya nemo masa aiki. Ranar da na sauka, shi da Anti matarsa suka je taryata da kular abinci a bayan mota. Ya yi tuƙin tasi, ya yi sayar da tsofaffin motoci, yanzu ya huta a ƙaton filinsa, bayan gidan cike da gawarwakin motoci da ciyawa ta cinye.

Duk Asabar muna can. Ni da Anti a kicin, Yaya a ƙarƙashin mota. Ya cire tsohon inji ya ɗora wani ƙato mai silinda takwas, ya ce ƙarfinsa ya haura na doki ɗari biyar. Ranar da ya tayar da shi, kofunan shayin Anti sai da suka yi rawa a kan tire.

Daga nan aka shiga maganar aksul. Makonni na sha ta, da safe, da cin abinci, har a hanyar masallaci. Ni da iyakacina sakandare, kuma ko a can ba na son darasin ƙere-ƙere, sai da na haddace.

Aksul na baya shi ne dogon ƙarfen da ke kwance tsakanin tayoyin baya biyu. A tsakiyarsa akwai wani ƙullutu, Turawa suna ce masa kabewa, cike da haƙoran ƙarfe da wani mai kauri. Daga kabewar sanda biyu ke fita, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace da tayarta. Duk ƙarfin da inji ya yi, a kan sandunan nan yake sauka.

Wata rana ina tuƙa tuwo ya shigo kicin ya karɓe muciyar daga hannuna.

"Kin ga wannan? Da ita kike juya tuwon mutum biyu. To a ce tuwon gidan biki ne, sai a miƙo miki cokalin roba. Me zai faru?"

"Zai karye. Ba ni muciyata, zai yi gudaji."

"Yauwa! Injina tuwon biki ne. Dole in samo masa muciyarsa."

Ya nuna mini hotuna a waya. Akwai mai inci tara, shi ne zaɓinsa. Sandunansa masu kauri, haƙoran bakinsu da yawa, kuma a ɗaure suke da noti daga wajen taya, ko sanda ta karye taya ba za ta fita ba. Akwai kuma wani ƙarami na motoci marasa ƙarfi. Shi wannan, abin da ke riƙe sandar a ciki wani ɗan guntun ƙarfe ne mai lanƙwasa. Ya kama kunnena ya ce bai fi ɗan kunnen nan nawa girma ba.

"In sandar ta karye, ba abin da ya rage yana riƙe taya. Zarewa za ta yi ta kama gabanta. Mahaukaci ne kaɗai zai sa wannan a bayan injina."

Da bakinsa ya faɗa. Mahaukaci ne kaɗai.

Har ya samo inda zai sayi mai inci tara ɗin. Kuskurensa, ya ba Alhaji labari. Asabar ɗin da ta biyo, muna isa Alhaji ya ce mu biyo shi bayan gida, har da ni. Ya tsaya gaban wani tsohon tamfal, ya yaye shi kamar mai buɗe lefe. Kyankyasai da gizo-gizo suka watse. Ga wani aksul kwance a cikin ruɓaɓɓen ganye, ya yi ja da tsatsa, baƙin maiƙo ya daskare a gefe ɗaya. Warin nan na fara jin sa a ranar.

"Ka ce za ka je ka sayo wurin Bature, ina raye?" in ji Alhaji. "Ga shi nan, kyauta. Ƙarfen da ne wannan, yaro, ba irin gwangwanin yanzu ba. A gida kan irinsa muke ɗora buhunan masara, da fasinja, da akuya a sama, mu je mu dawo."

Na kalli aksul ɗin, na kalli Yaya. Ko ni na gane shi daga hoto. Yaya ya durƙusa har ƙasa.

"Kai, Baba! Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma. Wallahi kamar ka san abin da nake nema."

A hanyar komawa gida, muna shiga cunkoson Wendover na kasa daurewa.

"Yaya, wannan ba shi ne mai ɗan kunne ba?"

"Shi ne."

"To?"

"To me? In ce masa Baba riƙe kayanka, bai yi mini ba? Mutumin da na ci tuwon gidansa shekara da shekaru? Ai sai a yi masa kara. Zan sa shi ya gani ya ji daɗi, in lallaɓa, in an kwana biyu in canza a ɓoye."

"A ɓoye a ina? Motar a garejinsa take kwana."

"Ke dai ba ki san zaman duniya ba."

Na san kara. Da ita aka raine ni. Saboda kara na sha cinye abincin da ba na so, na ɗinka atamfar da ta yi mini muni don gwaggo ce ta ba ni, na ce wa baƙo ya ƙara zama alhali barci nake ji. Duk wannan ba ya kashe kowa. Ban taɓa zaton za a ɗauki kara a ɗaure ta da noti a ƙarƙashin mota ba.

Alhaji da kansa ya riƙe masa fitila suka ɗaura shi. Suka goge tsatsar, suka fesa masa baƙin fenti, ya yi ƙyalli kamar sabo. Yaya ya ƙara da tayoyi masu faɗi a baya, waɗanda shi ya gaya mini sun fi wahalar da sanda, don suna kama kwalta ba sa sulɓi.

Ranar da aka gama, bayan azahar ne, mun ci shinkafa da miyar Anti. Alhaji ya fito da kujerarsa bakin gareji.

"To, a je a zaga da ita. Amarya ce za ta fara shiga, ta sa mata albarka."

"Baba, ni dai da na tsaya na taya Anti wanke-wanke."

"Wane wanke-wanke? Mijinki ya yi shekara yana wahala, ki ƙi shiga? Ko tsoro kike ji?" Ya yi dariya. "'Yan matan yanzu! Ta hau jirgin sama ta tsallake teku, tana tsoron mota."

Na kalli Yaya ina jira ya ce wani abu. Kalma ɗaya ta isa. Amma cikin fari ne, ba a ambatonsa gaban manya, kowa yana gani kowa yana yi kamar bai gani ba. Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. Anti ta mintsine ni a damtse, ta ce a hankali, "Shiga mana, kar ki kunyata shi." Na shiga. Bel ɗin motar irin na da ne, igiya ɗaya ce a kan cinya. Na tura ta ƙasan cikina iyakar yadda za ta je.

To, ga mu a titi, ga wari, ga ƙara, ga Yaya ya ji ya yi shiru.

"Mu koma," na ce.

"Yanzu muka fito. In muka koma yanzu zai tambayi dalili."

"Sai ka gaya masa dalilin."

"Bari mu kai mahaɗar can mu juyo. A hankali zan je."

A hankali ya je, ban ƙwace masa wannan ba. Amma a mahaɗar dole ka hau babban titi kafin ka sami wurin juyawa, motoci kuma suna tahowa da gudu. Ya jira, ya jira, ya ga 'yar tazara gaban wata babbar mota, ya taka. Injin ya yi ruri, bayana ya manne da kujera, muka yi gaba kamar an harba mu. Sai na ji ƙau! a ƙarƙashina, kamar an sari ƙarfe da gatari. Motar ta yi wata girgiza ta fara jan gefe.

Na kalli madubin gefena. Na ga tayarmu ta baya ta fito daga jikin motar. Tana juyawa, tana tafiya tare da mu, amma a waje, da sandar ƙarfe tana zarowa a bayanta. Na buɗe baki in yi salati, kafin in kai ƙarshe gefena ya faɗi ƙasa. Ƙarfe ya kama gurzar kwalta. Itatuwa suka juya, babbar motar ta wuce da hon kamar za ta tsaga kunne, igiyar nan ta shaƙe ƙasan cikina, sannan muka tsaya a karkace cikin ramin gefen titi.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a zaune cikin ciyawa, a bayan motar, daidai inda taya ta bar rami. Man kabewar yana bulbulowa daga bakin ƙarfen, baƙi, mai kauri, da ɗumi, ya jiƙa mini zani da tafin hannu. Warin ya cika mini baki. Na yi amai har shinkafar Anti ta ƙare, na ci gaba da yunƙuri ba abin da ke fita. Can gaba tayar tana kwance da guntuwar sandarta a tsaye, kamar alawa mai tsinke da yaro ya yar.

Na dafa cikina. Tun safe yake shure-shure, ko lokacin da muke cin abinci sai da ya dame ni. Yanzu tsit.

Wata tsohuwar Baturiya ta fito daga gidan da ke kallon titi, da safar aikin lambu a hannunta. Ita ta kira motar asibiti. Yaya, da jini a goshinsa, yana ta "Sannu, sannu, kin ji ciwo?", shi ma ya ciro waya. Lambar Alhaji ya danna.

Kusan tare Alhaji da motar asibitin suka iso. Alhaji ya sauko yana salati, ya zaga motar, ya tsaya kan tayar, ya taɓa karyayyen bakin sandar da ƙafa. Na zuba wa Yaya ido. Na ce a raina yanzu kam zai faɗa.

"Laifina ne, Baba," in ji shi. "Ni na taka da yawa."

"Ai na gaya maka, yaran nan ba ku da haƙuri da mota. Ƙaddara ce. Allah ya tsare gaba." Ya juyo wurina. "Amarya, ba dai ciwo ko? Alhamdu lillahi, ga ki zaune garau."

Da Hausa ba zan iya gaya masa ba. Bakina ba zai ɗauka ba, a gaban Alhaji, in ce abin da ke cikina ya daina motsi. Sai da ma'aikaciyar motar asibitin ta durƙusa gabana, sannan na faɗa mata da guntun Turancina, da ƙarfi, kowa yana ji. Da Turanci ba kunya. Fuskarta ta canza, ta ɗaga hannu aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya. Alhaji ya juya baya yana kallon itatuwa, wai shi bai ji ba.

A asibiti suka yanke zanin da almakashi suka jefa a leda. Wata nas ta wanke mini hannu da sabulu har sau nawa, warin yana nan a ƙarƙashin farce. Suka ɗaura mini wasu igiyoyi masu laushi a ciki, suka haɗa da na'ura. Da fari shuu kawai nake ji. Nas ɗin ta matsar da abin nan, ta matsar can, ba ta kallon idona. Ni kuma silin nake kallo, ina karanto duk abin da ya zo bakina, rabi addu'a rabi shirme. Sai ga shi. Bugu ne ƙanana, da sauri da sauri.

Yaya, da filasta a goshi, ya fashe da kuka. Ya ce, "Ji, kamar sukuwar doki."

Na ce kar ya ƙara ambaton doki a gabana.

Likitar, wata doguwar mace mai furfura, ta ce kar mu yi murna tukuna. Zuciya tana bugawa, amma inda bel ya shaƙe ni akwai shaida, kuma irin wannan bugu yakan sa mabiyiya ta fara rabuwa daga ciki ba a sani ba, sai daga baya. Za su sa ido na wasu sa'o'i. In na ji ciwon mara, ko na ga jini, in danna ƙararrawa nan take.

Haka na kwanta ina sauraron jikina kamar mai gadi. Duk ɗan motsin hanji sai gabana ya faɗi. Yaya yana fita yana shigowa, don Alhaji da Anti suna zaure suna jira, kuma labari ya kai mutanenmu na East Greensboro, waya sai ƙara take. Ina ji yana gaya wa kowa abu ɗaya: "Tsautsayi ne, wallahi. Taya ce ta fita." Ita kaɗai ta ga dama ta fita ke nan.

Bayan la'asar ya shigo ya zauna bakin gado yana murza hula.

"Baba yana gaishe ki. Ya sa an janye motar zuwa gida." Ya gyara zama. "Ya ce kar in damu. Wai akwai wani aksul irinsa a bayan gida, ƙarƙashin jar motar nan, in na warke mu ciro."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ka ce masa me?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Yaya, me ka ce masa?"

"Na ce Allah ya saka da alheri."

Wani aman ya taso mini, na jawo 'yar robar da suka ajiye a gefe. Ba abin da ya fito sai ɗaci. Ya miƙo hannu zai dafa bayana, na ji warin man a jikin rigarsa, na ture shi.

"Ba sawa zan yi ba," yake cewa. "Wallahi ba zan sa ba. Amsa ce kawai. Me kike so in ce wa dattijo a zauren asibiti?"

"Abin da ka ce mini a kicin. Ka ce mahaukaci ne kaɗai."

"Ki rage murya."

"Ka san shi, ka san sunansa, ka san ɗan kunnen da ke ciki. Ka ji ƙarar. Ka gwammace a kwashe ni a rami da ka ga ran Baba ya ɓaci."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Na juya fuskata bango. Ba na jin tsanarsa, ko a lokacin. Ƙyama nake ji, irin wadda kike ji in kin ɗaga murfin tukunya mai kyau kin tarar abin ciki ya lalace. Har da fentin nan da suka fesa wa tsatsa, shi ma yana dawo mini.

Nas ta leƙo ta ce akwai wani dattijo da matarsa suna son shigowa, ina so? Ni ta tambaya, ba Yaya ba. Tun da nake ba a taɓa tambayata ko ina son ganin babba ba.

Yaya ya matso ya yi ƙasa da murya. "Tun rana suke zaune. Ki yi musu kara, minti ɗaya."

"Karata tana cikin ramin can," na ce masa. "In kun je ciro taya ku duba."

Na ce wa nas a'a. Ta ce to, ta ja ƙofa, kamar ba wani abu ba ne.

Wayar Yaya ta yi kiran sallar magariba a aljihunsa, ya yi sauri ya danne. Daidai lokacin likitar ta dawo. Ta ja doguwar takardar da na'urar ke fitarwa tana bi da yatsa, ta danna cikina nan da can tana tambaya ko da zafi, ta ɗora na'urar ɗaukar hoton ciki ta daɗe tana kallo. Ina riƙe da ƙarfen gado. Tana cikin dannawa aka shure hannunta daga ciki, shuri sosai, har ta ɗaga gira.

Ta cire safar hannu ta ce mabiyiya tana nan daram, ba jini, ba alamar naƙuda. Ta faɗa a hankali don in gane, ta maimaita: ni lafiya, abin da ke cikina lafiya, hatsarin ya wuce.

Na ce na gode. Na kai hannu zan share hawaye, warin ya bugi hancina, na sauke shi. Na roƙi nas ta ƙaro mini sabulu.